Ranar da Aka Saurari Babura a Ƙofar Gidanmu

Yanzu idan na zauna a tsakar gida da hantsi, ba na iya rarrabe ƙarar komai. Babura na wucewa ta lungunmu ba ƙaƙƙautawa, ga injin markaɗe, ga janareto, ga rediyon masu shago, duk sun cakuɗe sun zama gunji guda. Jikokina ba su san garin nan ya taɓa yin shiru ba. In na ce musu akwai lokacin da mace tana ɗakinta a Ƙofar Durbi za ta ji tabarya a gida na uku, ta kuma san wadda ke dakan, sai su yi murmushi irin na wanda ba ya son ƙaryata tsohuwa. Amma haka abin yake. Mu matan aure ba ma fita sai da dalili, don haka duk abin da ke gudana a waje ta kunne yake iso mana: takun jakunan masu itace, guga na bugun bakin rijiya, ƙararrawar keken mai kananzir, gyaran muryar dattijo idan ya nufo gida daga masallaci. Tun ina budurwa Inna takan ce mini, "Ki rage surutu ki riƙa saurare. Abin da ke cikin gidanki za ki san shi tun ba a gaya miki ba."

Ina amarya, da ƙaramin ciki, lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, akawu ne a wani ofishin gwamnati a GRA. Malam nake kiransa. A keke yake zuwa aiki, ya ɗaure bakin wandonsa da roba don kada sarƙa ta ci. Sai aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya ɗauki zancen babur. Wanda jiya ka sani da keke, yau sai ka ji shi yana tafe da ƙugi, yara na binsa a guje. Kafin Malam ya yanke shawara, babura sun ƙare a kantunan Katsina. Yayana kuwa, wanda nake bi, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, yana yawan zuwa Kano. Shi da Malam tun kafin aurena suke shiri, kwano ɗaya suke ci. Malam ya damƙa masa amana ya ce ya zaɓo masa mai kyau. Yaya ya je, ya bar nasa cinikin ya yi ta yawon kantuna, ya ɗoro babur a bayan motar kaya, ya zauna kusa da shi yana riƙe da igiya har Katsina don kada ya faɗi.

Ja ne, da leda a kan kujerarsa. Maƙwabta suka cika ƙofar gida ana sa albarka. A gefen tanki akwai wani ɗan ƙarce da igiya ta yi, wanda ran nan ba wanda ya kula da shi.

A zaure Malam yake ajiye shi. Zauren namu na ƙasa ne, mai rufin ɗaurin guga, ko allura ka yar sai ka ji amsa-kuwwarta. Nan damuwar ta fara. Idan ya dawo daga ofis da rana ya turo shi ciki ya kashe, sai a ji wani abu na yin ƙas, ƙas, ƙas a jikinsa, kamar ana ƙyasta farce a kan tasa. Ya yi da sauri, ya rage, ya yi shiru, sai kuma ka ji ya ƙara ɗaya. Da safe in ya buga masa kik, saman injin ya riƙa tsattsaga kamar keken ɗinki. In ya matse kuloci ya taka giya ta farko, sai a ji ƙwas, babur ɗin ya ɗan zabura. In ya ja shi ya fita lungu, akwai wani siririn kuka da ke binsa kamar sauro a kunne, har ya sha kwana. Ga kuma wani ƙauri da ke tashi daga salansa, irin na fenti in ya ji wuta. Ni ba na ganinsa sosai, amma duk waɗannan na haddace su, domin ina daka ina ji, ina wanke-wanke ina ji. Da farko daɗi suke mini. Su ne ke gaya mini in sauke tukunya.

Malam ne ya fara tsayawa a kan babur ɗin. Ya daina shigowa kai tsaye. Sai in ji ya kashe babur, in jira sallamarsa, shiru. In na leƙa sai in gan shi tsugune, ya karkata kai, hularsa a hannu, abinci na hucewa a ɗaki. Mutum ne mai zurfin ciki, mai gudun a yi masa dariya. Da ya tambayi abokan aikinsa masu babura ko nasu ma haka yake, da magana ta ƙare a nan. Amma tambayar a wurinsa tamkar ya faɗa da bakinsa ne cewa an cuce shi. Sai ya kai zancen majalisar ƙofar gida, inda ba mai babur ko ɗaya. Wani ya ce sabon ƙarfe ba ya magana bayan an kashe shi. Wani ya shafa ƙarcen nan na tanki ya ce ai a Kano akwai masu wanke tsohon babur su fesa masa fenti, su juya agogon ƙirga tafiyarsa baya, su sa leda a kujera. Wani mai gyaran keke da ya fara taɓa babura ya saurara ya ce ba zai ce komai ba sai ya buɗe injin. Ba wanda ya ambaci sunan Yaya. Ba sai an ambata ba.

Wata rana ina zuba masa ruwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yayanki ya ce miki a wane kanti ya sayo shi?"

Na ce, "Bai faɗa mini ba, Malam. Ka tambaye shi mana."

"Na tambaye shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce in ban yarda da shi ba, me ya sa na aike shi."

Tun daga ranar gidan ya canja. Yaya, wanda ba ya wuce lungunmu bai shigo ya sha ruwa ba, ya ɗauke ƙafa. Malam ya rage cin abinci. Ƙarar da a da nake murna da ita ta koma abin da ke faɗar mini da gaba. Duk ƙas ɗin da babur ya yi a zaure, sai in ji kamar da ɗan'uwana yake. Na san Yaya. Mutum ne da zai kwana da yunwa bai taɓa kayan amana ba, amma yana da zuciya, in aka taɓa mutuncinsa ba ya ji ba ya gani. Na kuma san Malam ba mugu ba ne, abin ne ya shige masa rai. A raina ni ma wani lokacin nakan ce, to idan su Yaya aka cuta a Kano fa, shi ma bai sani ba? Ba ni da wanda zan tambaya. Matan da ke shigo mini babu wadda mijinta ke da babur.

Rannan da safe ya ba ni izinin zuwa suna a Ƙofar Guga, a gidan da ke jikin gidan mahaifina. Har na yafa mayafi sai ya ce, "In kin gama ki jira ni a gidanku. Bayan la'asar ni da Baffa za mu zo. Zan mayar masa da kayansa a gaban Baba."

Baffa ƙanen mahaifinsa ne, shi ya karɓar masa aurena. In aka ce an ɗauko Baffa, magana ta wuce ta wasa. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri ka ƙara dubawa." Ya ce ya gama dubawa. Ya taka giya, na ji ƙwas, ya tafi.

Na fara biyawa gida na gaida Inna. Ashe labari ya riga ni. Ta ja ni ɗaki ta ce Yaya ya rantse, in Malam ya kira shi maci amana a ƙofar gidan ubansa, to ƙanwarsa ba za ta koma gidan wanda ke ganin jininta ɓarayi ne ba. Na ce, "Inna, da cikin nawa?" Ta ce, "Na gaya mashi. Ki yi addu'a, kada ki sa baki cikin maganar maza."

Wajen azahar na fita zuwa gidan sunan. Uban jaririn malamin makaranta ne, abokansa sun taso daga aiki sun zo cin tuwon suna, suna ta shiga zaure. A jikin katanga, ƙarƙashin wata dalbejiya, an jera babura, duk sababbi, wasu da ledarsu. Na sunkuyar da kai zan wuce. Sai na ji shi. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ɗauka kunnena ne ya saba har yake ƙirƙiro mini. Na tsaya, na durƙusa kamar ina gyara maɗaurin takalmi. Ba ɗaya ba ne. Na farko na yi, na kusa da shi na amsa masa, na can ƙarshe ma yana yi a hankali. Ga ƙaurin fentin nan. Ina nan durƙushe wani ya fito zai koma ɗauko wani abu, ya buga kik, saman injinsa ya yi keken ɗinki, ya taka giya, ƙwas. Ya tafi da siririn kukan nan na binsa.

Ban san yadda na shiga gidan sunan ba. Aka miƙo mini jariri na karɓa, na yi barka. Da a ce yanzu ne, waya zan ɗauka, kafin in ajiye jaririn magana ta mutu. A lokacin kuwa GRA a wurina kamar wata ƙasa ce. Mace ba ta zuwa ofishin mijinta, kuma wannan ba saƙon da za a ba wani ya kai ba ne. Baba yana kasuwa, daga can masallaci zai wuce. Na koma gida na sami Yaya a ɗakinsa yana ninke yadi, yana ninkewa yana warwarewa. Na gaya masa abin da na ji.

Ya ce, "Ni kike gaya wa sabo ne? A gabana aka fito da shi daga akwatinsa."

"To ka ce masa ya zo ya saurari na maƙwabta, Yaya."

"Ba zan roƙi kowa ya yarda da ni ba. Ya zo ya faɗi abin da ke bakinsa, ni ma in faɗi nawa."

Na yi sallar la'asar ban san me na karanta ba. Na zauna a bayan ƙofar da ta raba zaure da cikin gida, inda ake jingine tabarmi. Na ji Baba ya dawo, na tashi zan yi masa magana, sai na jiyo siririn kukan daga bakin lungu. Cikin duk baburan garin na san namu. Aka kashe shi a ƙofar gida. Aka yi sallama.

Gaisuwar ranar ta yi mini tsawo fiye da kowace gaisuwa da na taɓa ji. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya zafi, ya muka ji da jama'a. Baffa ya tambayi lafiyar kowa har da awakin Inna. Aka kira Yaya, ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Sai Baffa ya gyara murya ya fara kewaye-kewaye, cewa zumunci abu ne mai nauyi, cewa ɗan'adam ajizi ne, cewa wani lokacin mutum kan sayo abu da kyakkyawar niyya.

Yaya ya katse shi. "Baffa, ka gafarce ni. Shi mai maganar ba shi da baki ne?"

A waje babur na ta ƙas, ƙas.

Malam ya ce, "Yaya, kai ma kana jin abin da yake yi."

"Ina ji. Sai me? Faɗi sunan abin da kake nufi."

Na ji Malam ya ja numfashi. Na san wannan numfashin, shi yake ja in zai faɗi abin da ya daɗe yana juyawa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na yi sallama daga bayan ƙofa.

A gidanmu ba a taɓa jin muryar mace a zaure maza na magana ba. Na ji Inna ta ajiye abin da ke hannunta a tsakar gida. Can Baba ya amsa, ya ce, "Uwata, ke ce? Mi ya faru?" Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ɗazu na wuce baburan baƙin gidan suna. Duk abin da wannan yake yi, su ma suna yi. Ina roƙon a saurare su kafin a ci gaba."

Baffa ya ce, "Ikon Allah." Yaya ya ce in koma ciki. Na fara tunanin na ƙara ɓata abin. Sai na ji Baba ya jawo sandarsa.

"Ni ban san komi ba game da wanga ƙarfe," in ji shi. "Amma kunnena bai mutu ba. Kowa shi zauna inda yake. Kada wanda ya ƙara cewa uffan sai na dawo."

Da kansa ya fita. Zaman da aka yi bayan fitarsa shi ne abin da har yau ban manta ba. Mutum uku a zaure, ba mai motsi, sai carbin Baffa. Ni kuma shakka ta kama ni. Idan kunnena ya yaudare ni fa? Idan aka kawo su suka yi shiru, na tona kaina a gaban surukai, na kuma ba Malam hujjar da ba ta da amsa. Inna ta zo ta tsaya kaina, ba ta yi mini faɗa ba, ta dafa kafaɗata kawai.

Baba ya dawo da malamin makarantar da wani abokinsa malamin asibiti. Bai gaya musu dalili ba. Ya ce dai tsoho ne ke son ya ji kukan babura. Nasu sun riga sun huce, don haka ya ce su hau su kai bakin ganuwa su dawo, Malam ma ya bi su da nasa. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Malamin makaranta ya taka giya, ƙwas. Na ga Malam ya juya ya dube shi. Malamin asibiti ya taka, ƙwas, nasa ma ya fi ƙarfi. Malam ya tsaya da ƙafarsa a sama kamar ya manta abin da zai yi, sannan ya taka nasa.

Da suka dawo Baba ya sa aka jera su a bakin zaure, aka kashe. Ya ɗaga sanda ga yaran da suka taru, suka yi tsit. Da farko ba abin da na ji. Sannan na malamin asibiti ya fara. Namu ya biyo. Na ukun ya shigo. Suka yi ta yi tare, wannan ya yi, wancan ya karɓa, ba mai iya cewa ga na wane.

Malamin asibiti ya yi dariya ya ce, "Au, wannan ne, Baba? Ni ma da farko ya hana ni sukuni, sai da na koma wajen masu kantin. Suka ce ƙarfe ne ya yi zafi yake hucewa. Giyar kuma haƙoranta sababbi ne, ba su saba da juna ba. A dai bi shi a hankali, a canja baƙin mai da wuri, zai yi laushi." Ya lura ba wanda ya taya shi dariyar, sai ya yi sallama, suka tura baburansu suka tafi.

Malam ya cire hula, ya tsuguna a gaban Yaya. Ya ce, "Yaya, ka yafe mini."

Yaya ya ce, "Ai ba ka ce komai ba."

"Na zo da niyyar faɗa."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya." Yaya ya tashi ya shige gida. Da ya zo wucewa ta gabana na ga idonsa ya yi ja.

Na koma ɗakina a ranar. Malam bai yi mini magana ba sai da na ajiye masa abinci. Ya ce, "Kin yi magana cikin maza." Na ce na yi. Ya jawo kwanon, sannan ya ce, "Kalmar tana kan harshena." Babur ɗin kuwa, yadda aka faɗa haka ya yi. Da tafiya ta yi tafiya giyarsa ta yi laushi, ƙaurin ya ɓace, ya yi mana shekaru yana aiki.

Amma Yaya bai dawo ba. In sun haɗu da Malam a masallaci sukan gaisa, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo. Malam ya je shagonsa ya fi a ƙirga, ya zauna, a ba shi ruwa, a yi zancen farashin yadi, ya taso. Ya aika Baffa, ya aika Baba. Yaya ya ce shi ai ya yafe tuntuni, ƙafarsa ce dai ba ta son lungun. Mutanen wancan zamanin haka suke, abu ba ya fita ransu da wuri. Na yanzu sukan zagi juna da safe a waya, da yamma ka gan su a kan babur ɗaya. Ban san wanne ya fi ba. Na dai san na ƙarasa cikin nan ina kuka a ɓoye.

Da na haihu, namiji, Malam bai yi shawara da kowa ba ya raɗa masa sunan Yaya. Aka yi suna da safe, Yaya bai zo ba. Na cire rai. Sai da rana ta yi sanyi, mata sun cika gida, na ji takun da na sani a zaure, sannan sallama. Malam ya fita da sauri har yana barin takalmi. Ya aiko a kawo yaron. Na naɗe shi a zani na bayar, na bi bayan mai kai shi na laɓe.

Yaya ya karɓe shi ya yi masa addu'a. Yaron ya buɗe baki ya tsala kuka, har zauren na amsawa. Yaya ya yi ta kallonsa, sannan ya ɗago ya dubi Malam, fuskarsa ba alamar wasa.

"To, ka dai ji shi," ya ce. "Lafiyarsa ƙalau, sabo ne. Kada ka je ka ɗauko mini Baffa."

Malam ya fara dariya, dariyar ta sarƙe shi, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Yaya ya gyara zama a kan tabarma, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce wai gidan nan ba a ba baƙo tuwo ne.

Da hannuna na zuba masa, duk da an hana ni tashi. Su biyun yanzu suna kwance a maƙabarta ɗaya, ba nisa tsakaninsu. Allah ya yi musu rahama, ya sa mu tarar da su cikin alheri.